Rigar Amaryar da Aka Auna da Inuwa

Layin teloli na kasuwar Tawa ya rasa bakinsa. Kekunan ɗinki suna nan suna ƙara yadda suka saba, amma babu sauran mai ɗaga murya ya ce, "Lokacin da nike Abijan…" Yayana Alƙasum ya rasu da kakar bara. Tun daga lokacin, duk sa'adda dangi suka taru aka tuna shi, da hawaye ake farawa, da labarin rigar Haula ake ƙarewa.

Alƙasum ya yi Abijan da ƙuruciya, kamar yawancin samarin Adar. Waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi a can sun ce guga yake yi a shagon wani tela, ranar sa'a a ba shi maɓalli ya ɗaura. Shi kuwa cewa yake matan ministoci layi suke yi a ƙofarsa, har wata ta kwanta ciwo ranar da ta ji zai koma gida. A Tawa dai abin da aka san shi da shi wandon 'yan makarantar lekol ne da bankin yagaggen buhun albasa, kuma ko wandon sai an taki sa'a ƙafafun biyu suke zuwa daidai.

Haula ita ce 'yarsa ta fari. Da aka sa ranar aurenta da Nafi'u, wani malamin lekol ɗan Bambeye, uwar ango Hajiya Kadidiya ta aiko da lefe. A saman akwatin ga wani farin leshi mai duwatsu, wanda ta zaɓo da hannunta a Makka. Saƙo guda ta haɗo da shi: wannan leshin take so ta gani a jikin amarya ranar wuni, a gaban matan Bambeye da za ta kwaso. Babu irinsa a kasuwar Tawa, balle a ce in ya lalace a sake wani.

Haula ta nuna wa uwarta Raƙiya hoton wata riga a salula, doguwa, ƙasanta a buɗe kamar lema. Raƙiya ta naɗe leshin za ta kai wa wata mata mai ɗinki a unguwarsu, sai ga Alƙasum tsaye a bakin ƙofa.

"Ina za a kai wanga?"

"Wurin tela, Malam."

"Wurin tela." Ya waiga bayansa, ya dubi sama, ya dubi hannayensa. "Ni kuma mi nike? Mai gyaran rediyo?"

"Malam, wannan fa ba wandon lekol ba ne."

"Raƙiya, irin wagga riga na ɗinka ma ɗiyar wani minista a Abijan. Da ango ya gan ta sai ya suma. Aka yayyafa mai ruwa ya tashi, ya sake kallo, ya sake suma. Kawo nan."

Maƙwabta biyu sun riga sun ɗora haɓa a kan katanga suna sauraro. Raƙiya ba ta so ta kunyata maigida a gabansu, sai ta miƙa masa leshin kamar mai miƙa akuyarta ga mahauci.

Matsalar farko ita ce awo. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Alƙasum ta wuce ta kowa a unguwar. Bai taɓa kiran sunan Haula ba, "yarinyar gidan nan" yake cewa. In ta shigo ɗaki sai ya tuna ana jiransa a waje. Rabonsa da ya dube ta sosai tun tana rarrafe. To ta yaya zai zagaya mata metir a ƙugu?

Raƙiya ta ce, "Ga tsohuwar rigarta, ka auna da ita."

"In auna sabuwa da tsohuwa? Ai sai ta fito tsohuwa."

"To bari ƙawarta ta auna ta, ta gaya maka."

"Babban tela ba ya karɓar awo daga hannun wani. Ki bar ni da aikina."

Ya yi ta juya maganar a ransa har dabara ta faɗo masa a kan hanyar masallaci, yana kallon ƙasa. Inuwa! Inuwar mutum ai mutumin ce, kuma bai taɓa jin malamin da ya ce akwai kunya tsakanin uba da inuwar 'yarsa ba.

Bayan la'asar sakaliya ya sa Raƙiya ta tsayar da yarinyar a tsakar gida. Ya shigo da baya da baya, riƙe da kara, idonsa a ƙasa. Ya ja layi a inda inuwar ta fara, ya bi ta yana tafiya, yana tafiya, har sai da ya kai gindin turken tumaki kafin ya samu kan. Metir ya ƙare, ya ɗaga ya sake shimfiɗawa. Ya ce a ransa, "Ikon Allah, yaran zamani da tsawo suke."

Faɗi kuma ya ce sai da tsakar rana, lokacin da inuwa take taruwa a gindin mai ita, a nan ake ganin kaurin mutum na gaskiya. Washegari da azahar Haula ta fito da wani babban faranti a ka, za ta kai albasa shanya. Daga cikin madafa Raƙiya ta ce mata ta tsaya nan. Alƙasum ya zo da baya ya duƙa, ya ga inuwa kewayayya, fankameme.

"Baba…" in ji Haula a hankali.

"A'a, a'a, a gaya ma yarinyar gidan nan kada ta motsa." Ya zagaya da kara yana murmushi. "Masha Allah. Raƙiya, ashe kina ciyar da ita."

Kusa da shagon Alƙasum akwai rumfar Ciɗo mai albasa, taubashinsa ne, tun suna yara ba sa raga wa juna. Ya leƙo ya tarar an shimfiɗa leshi daga wannan bango zuwa wancan, tela na rarrafe a kai da almakashi.

"Tela, labulen masallacin Juma'a aka ba ka?"

"Rigar amarya ce, jahili."

"Amaryar raƙuma ce?"

"Ta Turawa jan ƙasa take yi. Kai da ba ka taɓa wuce Ƙonni ba, mi ka sani?"

"Na san Haula. Tsawonta bai wuce kafaɗata ba."

"Kai da ido ka gan ta. Ni da ilimi na auna ta. Koma wurin albasarka."

Almakashi ya shiga. Kafin a kai gwiwar rigar, leshi ya ƙare. Alƙasum ya tsaya yana susar gemu, ya sake duba hoton da aka tura masa a salula, ya ga ƙasan rigar wani farin yadi ne mai raga-raga. Ya san inda ya taɓa ganin irinsa.

Da safe Raƙiya ta fito daga ɗaki fuska duk kumburi, tana susar wuya. Damina ce, sauron Tawa kuwa ba ya wasa.

"Malam, ina gidan sauronmu?"

"Ya tahi biki."

"Gidan sauro za ka ɗinka ma ɗiyarka?"

"A Abijan tul ake ce ma shi. Ku ne nan kuke wulaƙanta shi, kuna kwana ciki."

Aka haɗa, aka ɗinke. Amma da ya ɗaga rigar sai ta zube a ƙasa kamar jiƙaƙƙen buhu, alhali ta hoton a tsaye take, a buɗe. Ya tafi wurin masu bugun shadda ya tambayi yadda suke sa ta ta yi ƙarfi. Suka ce ƙaro suke jiƙawa, ɗan dunƙule a bokitin ruwa. Ya ce wannan na shadda ne, abin da yake ɗinkawa ya fi ƙarfin dunƙule. Ya juye tiya guda ta ƙaro a baho, ya dama sitacin rogo ya ƙara, ya tsoma rigar har ta ƙoshi. Sannan ya kawo kara da igiya, ya ɗaura tsaiko a tsakiyar shago irin wanda ake yi wa jinkar rumbu, ya lulluɓa rigar a kai, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, don kada sauran teloli su sace masa salon ɗinkin.

Ƙudaje da ƙudan zuma suka yi sansani a bakin ƙofar. Ciɗo yana kora su daga albasarsa yana cewa, "Tela, alewa kake dafawa a ciki?"

"Ko ƙudaje sun san abu mai kyau. Kai kaɗai ka rage."

Ranar biki, ana shafa fatihar ɗaurin aure, Alƙasum ya miƙe cikin babbar rigarsa ya ce duk mai son ganin abin da ba a taɓa gani a Adar ba ya biyo shi. Jama'a suka bi shi har shago. Ya buɗe kwaɗo, ya rarrafa ƙarƙashin rigar ya zare karan ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya tsaya gefe.

Rigar ta tsaya da kanta. Kanta yana gogar kwanon rufi, hannayenta a miƙe kamar tana son rungumar kowa. Wani dattijo ya matsa ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ta amsa ƙwal ƙwal.

"Kun ji?" in ji Alƙasum. "Inganci ke nan."

Ciɗo ya dubi rigar, ya dubi ƙofar, ya sake duban rigar. "To, ranka ya daɗe, ta ina za ta fita?"

Alƙasum bai yi tunanin wannan ba, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Aka karkata ta, ta ƙi. Aka kwantar da ita, ta ƙi. Aka cire ƙyauren ƙofar gaba ɗaya, ko rabinta bai wuce ba.

"Irin wagga riga dama ba ta ƙofa take fita ba," in ji shi. "A kwance kwano."

Aka kwance rufin shago, aka zura igiyoyi, majiya ƙarfi suka jawo ta sama suna haki, aka sauke ta a kan amalanken jaki. Haka aka ratsa gari da ita. 'Yan kabu-kabu suka jeru a baya suna ta oda. Awaki suka ji ƙanshin sitaci suka biyo suna lasar gefen, Ciɗo yana dukansu da jelar rawaninsa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta gaishe ta don ba ta san ko wace ce ba. Wani Buzu a kan raƙumi ya ja linzami ya tambaya ko tantin na sayarwa ne. Alƙasum yana gaba yana ɗaga wa mutane hannu.

A gida ma zaure ya ƙi ta, sai ta kan katanga aka miƙa ta. Da ta dira a tsakar gida, guɗa ta tsaya a maƙogwaron mai guɗa. Alƙasum, da ke zaune a zaure ya ba cikin gida baya, ya ji shirun ya gyaɗa kai.

"Kun ji sun kasa magana? Haka aka yi a Abijan."

Raƙiya ta dafe kai tana salati. Amma an ce motar Bambeye ta riga ta taso, wani leshin kuwa babu. Dole a shiga wannan. Aka tsayar da Haula a fili, mata suka kewaye rigar suka ɗaga ta da "ya Allah, ya Allah," suka kifa mata, daidai yadda ake ɗora wa rumbu jinka. Amarya ta ɓace.

Goggonta ta ƙwanƙwasa. "Haula, kina ina?"

"Ina ciki, Goggo," murya ta fito kamar daga rijiya. "Akwai wuri ma, in wata na so."

Aka ɗaga gefe aka tura mata turmi ta hau. Gashin kanta ya leƙo. Aka ƙara kujera 'yar tsugunno a kan turmin, sai ga fuska ta fito ta wuyan rigar, tana kallon mutane daga sama. Hannayenta ba su kai ko gwiwar hannun rigar ba. Aka tattaro matasan kai na gidan da na maƙwabta aka cusa a ƙugu don kada ta yi ta yawo a ciki.

Ciɗo ya hau amalanke yana leƙe ta katanga, yana kawo wa zaure rahoto. "Tela, an ɗora ta kan turmi."

"Haka ake yi. Amarya ba ta taka ƙasa."

Ana haka matan Bambeye suka shigo, Hajiya Kadidiya a gaba, mace mai jiki, haƙorin Makka yana walƙiya. Ta yi sallama, ta dubi tabarmi, ta dubi ɗakuna.

"Ina amaryata?"

Raƙiya ta nuna sama ba tare da ta ɗaga kai ba.

Hajiya ta ja da baya don ta gani sosai. Haula ta so ta rufe fuska yadda ya kamata amarya ta yi a gaban uwar miji, amma babu hannun rufewa, sai ta runtse ido. Hajiya ta zagaya rigar a hankali, ta taɓa, ta ƙwanƙwasa.

"Leshina ne wanga?"

"Shi ne, Hajiya. Da ɗan ƙari."

Hajiya ta shinshina. "Mi ke warin maganin sauro?"

A daidai nan iska ta kaɗo daga gabas, sama ta yi baƙi ƙirin. Kafin a naɗe tabarmi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata suka watse zuwa ɗakuna da rumfa, kowa na kare ɗaurin ɗankwalinta. Aka bar amarya a kan turmi.

Ƙaro ya ji ruwa. Hannayen rigar suka fara sauka, kafaɗu suka lanƙwashe, ƙasan ya fara zama a hankali kamar raƙumin da zai durƙusa. Kujerar ta goce. Haula ta ƙwala kira, "Inna!"

Wadda ta fi kusa ita ce Hajiya Kadidiya. Ko don yarinyar ne, ko don leshin, har yau ba a sani ba, ta dai fito da gudu ta tare ta a ƙirji. Rigar gaba ɗaya, da gidan sauron da matasan kai, ta rufto musu. Suka juya dama don su fita, ta naɗe su. Suka juya hagu, ta ƙara naɗewa. Suka zube zaune a kan turmin da ya kife, rungume da juna.

Ruwan ya ɗauke yadda ya zo, ba sallama. Rana ta buɗe da zafinta, iska na kaɗawa. Mata suka fito suna ja nan suna ja can, suna gardamar ta inda za a fara kwancewa, ƙaro kuwa yana ta kamawa. Kafin su daidaita, kuncin amarya ya manne da na uwar mijinta.

Ciɗo ya sauko daga amalanke. "Tela, rigarka ta cinye Hajiya."

Alƙasum ya zabura ya zaro almakashi daga aljihu. Amma a ciki ga 'yar fari, ga surukuwa, babu wadda zai iya kallo. Sai ya shiga da baya, ido a rufe, yana ihu, "A ba ni hanya! A ceci yarinyar mutane!" Ya miƙa hannu ta baya ya damƙo wani yadi ya fara yanka da sauri.

"Malam Alƙasum," in ji Hajiya ta gefen baki, don ba ta iya juya kai, "zanena ne kake yanka."

"A yi haƙuri, Hajiya, aiki ne." Ya saki, ya damƙo wani.

"Wannan kuma gyalena ne."

Raƙiya ta fizge almakashin. Ya ja da baya, santsin sitaci ya kwashe shi, ya zauna daɓas a kan jelar rigar, bayansa ya jingina da nasu. Ya yunƙura zai tashi, babbar rigarsa ta ce ba ta san zancen ba. Mutumin da ya yi shekaru yana barin ɗaki in 'yarsa ta shigo, yau ga shi a manne da ita, da surukuwarsa a kan ƙari, matan Bambeye na kewaye suna toshe baki da gyale.

"A gaya ma yarinyar gidan nan," in ji shi yana kallon sama, "ba ni ba ne."

"To, Baba," in ji Haula a bayan kunnensa.

Bai iya jure wannan ba. Ya sulale ta wuyan babbar rigar, ya bar ta a nan, ya ratsa taron mata daga shi sai singileti da wando, hula a hannu. A zaure Ciɗo ya cire rawaninsa ya yafa masa, yana dariya har da riƙe bango.

Aka sauke tukunyar shinkafar baƙi, aka ɗora ruwa, don sai da ruwan ɗumi ƙaro yake saki. Ana jira ya yi zafi, Hajiya ta ji jikin Haula yana rawa a ƙirjinta.

"Yi haƙuri, ɗiyata, bar kuka. Ba laifinki ba ne."

Ashe ba kuka ba ne. Dariya ce take ta dannewa tun daga kan turmi, yanzu ta ƙwace mata. Sai cikin Hajiya ma ya fara motsi, su biyun suka yi ta girgiza tare, turmin na rawa a ƙarƙashinsu.

"Na ce ina so in ga leshin nan a jikinki," in ji Hajiya tana hawaye. "To na gani. Har na shiga."

Da buta aka raba su, ana zubawa ana ɓamɓarewa. Aka wanke leshin, aka samu wani yanki da almakashi bai taɓa ba, Hajiya da kanta ta yafa wa Haula shi a ka, ta kama hannunta ta sa ta a mota. Matan Bambeye ba su raina amarya ba, sun ma yi ta rububin zama kusa da ita don su ji yadda cikin rigar yake. Daga ranar Hajiya ta ce kunya ta ƙare tsakaninta da wannan yarinya, kwano ɗaya suke ci.

Kowa ya ɗauka Alƙasum zai ɓuya. Ranar kasuwa sai ga shi a kan bencinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, rana na dukan kekensa ta sama.

"Ku nuna mini telan da ya taɓa ɗinka rigar da ta ɗauki mutum uku," in ji shi. "Daga nan har Agadas."

Ciɗo ya nuna sama da albasa. "Rufin shagonka fa?"

"A Abijan haka ake barin shi. Don haske."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, muna zaune gefensa ya buɗe ido ya ce a kawo masa farin yadi da almakashi, shi zai yanka likkafaninsa da hannunsa, don bai yarda da aikin teloli na yanzu ba. Ya ce kuma a ɗan sa masa ƙaro kaɗan, kada ya yamutse a hanya. Muka ce to, a bari sai ya ji sauƙi. Da ranar ta zo, wani telan muka kai wa. Hajiya Kadidiya da Haula mota ɗaya suka zo daga Bambeye, suka zauna a tabarma ɗaya, wannan na share wa wannan hawaye.

Bai bar dukiya ba, bai kuma bar wanda ke riƙe da shi a zuci ba. Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi dariya, ya biya shi da addu'a. Allah ya jiƙan Alƙasum, ya yafe masa kurakuransa na baki da na almakashi, ya yalwata masa kabarinsa, ya tufatar da shi da tufafin Aljanna waɗanda ba shi ya auna ba. Ku ce amin.